Kiwo da Hayayyafar Kifin Diskus da Anjel a Gida: Tambayoyin da Ƴan Maradi Suka Fi Yi

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu sha'awar kifin ado. Na daɗe ina kiwon anjel da diskus a wani ɗaki a gidanmu da ke unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma duk baƙon da ya shigo ya ga uwa tana yawo da ƴaƴanta manne a jikinta, sai tambayoyi su ɓarke. Yawancinsu iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda, na fara da masu sauƙi. Za ku lura kusan kowace amsa tana komawa kan ruwa: tsabtarsa, zafinsa, da kada ya canza wa kifi farat ɗaya. A garinmu, nan aikin yake.

Wane irin kifi ne diskus da anjel, kuma daga ina suka fito?

Dukansu ƴan Kudancin Amurka ne, daga kogin Amazon da rassansa a Brazil da Peru da Kolombiya. Dangin karfasar da muke ci ne, gidan da masana ke kira siklid, shi ya sa suke da halin gadin ƙwai da tsaron ƴaƴa. Diskus zagayayye ne kamar faifai, yana kai santimita 15 zuwa 20. Sunansa na kimiyya Symphysodon, kuma wani masani ɗan Ostiriya, Johann Jacob Heckel, shi ya fara bayyana shi a 1840. Anjel kuwa, wanda masu jin Faransanci ke kira sikaler, shi ne Pterophyllum scalare, sananne tun 1823. Jikinsa fale-fale ne, da dogayen fukafukai sama da ƙasa, har tsayinsa a tsaye ya fi tsawonsa.

A can gida, musamman a kogin Rio Negro, ruwansu launin shayi ne, mai ɗan tsami, kusan babu ma'adinai a ciki. Amma waɗanda suke isowa hannunmu ba daga daji aka kamo su ba. An ƙyanƙyashe su ne a gonakin kifi na Tailan da Malesiya da makamantansu, kaka da kakanni. Diskus mai launin ja da ruwan madara da ake kira Pigeon Blood, alal misali, a Tailan aka samar da shi a 1991. Irin waɗannan sun fi na daji juriya nesa ba kusa ba.

Malam, ya halatta mutum ya tsare kifi a gilashi don kallo kawai?

Malamai sun halatta ajiye tsuntsu ko kifi muddin ana ba shi haƙƙinsa. Suna kafa hujja da hadisin yaron nan Abu Umair mai ɗan tsuntsu, suna kuma tunatarwa da hadisin matar da ta kulle mage ba ci ba sha har ta mutu. To haƙƙin kifi shi ne abinci, ruwa mai tsabta, da wurin da zai sake. Wanda ya san ba zai samu lokacin canza ruwa ba, gara kada ya ɗauko.

Da wanne ya kamata in fara?

Da anjel, ba tare da wani kokwanto ba. Yana da sauƙin kuɗi, yana cin abin da aka ba shi, yana yin ƙwai a ruwan famfo da aka kwantar, kuma yana balaga cikin wata 6 zuwa 12. Diskus sai ya kusa shekara ko ya wuce, namiji ma ya fi mace jinkiri. Duk kuskuren da anjel zai yafe maka, diskus ba zai yafe ba. Ka raini ƴaƴan anjel sau biyu ko uku har su kai sayarwa. A nan za ka koyi canza ruwa, ƙyanƙyasar artemiya (ƴan mitsi-mitsin jatan landen da ake ciyar da ƴaƴan kifi da su), da karanta halin kifi. Daga nan ka taɓa diskus. Sannu ba ta hana zuwa.

Wane girman akwati nake buƙata, kuma me zan sa a ciki?

Ma'auratan anjel suna son lita 80 zuwa 100, amma tsayin gilashin kada ya gaza santimita 45 saboda fukafukansu. Ma'auratan diskus, akwati mai santimita 50 ta kowane ɓangare ya wadatar, wato lita 125. Ƙananan diskus shida da za ka raina har su balaga suna buƙatar lita 250 zuwa 300. Ka kuma tanadi akwati na dabam na renon ƴaƴa tun kafin a yi ƙwai, don ranar da za ka buƙace shi ba za ta yi maka sallama ba.

Akwatin hayayyafa ba na ƙawa ba ne. Ba yashi, ba duwatsu, ƙasansa gilashi zalla, don duk kashi da ragowar abinci su fito fili ka zuƙe su da tiyo. Abin da ake sawa: matatar soso mai aiki da famfon iska, ma'aunin zafi, na'urar ɗumama ruwa saboda hunturu, murfi saboda ƙura, da wurin ɗora ƙwai. Wannan na ƙarshe ba sai an sayo daga waje ba. Ni wata mai ginin tukwane na kwatanta wa, ta gina mini shi kamar mazurari a kife, tsayin santimita 25, ta gasa shi sosai ba fenti ba shafe. Na jiƙa shi mako guda ina canza ruwan kafin in saka. Guntun fayif na roba ko fallen tayil da aka jingina shi ma yana yi.

Na cika akwati yau, zan iya zuba kifi gobe?

A'a, kuma wannan gaggawar ta fi kowace cuta kashe kifin sabon shiga. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin amoniya, guba ce. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama cikin soson matata, su juya amoniya zuwa nitirit, shi ma guba, sannan zuwa nitirat mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke fitarwa. Kafin su yi yawa a sabon soso ana ɗaukar mako 4 zuwa 6, kana ɗan jefa abinci kaɗan a akwatin da babu kifi don su samu abin ci. Hanya mafi gajarta ita ce ka roƙi tsohon soso daga akwatin wani mai kiwo da kifinsa ke da lafiya.

Idan soson ya yi datti, ka matse shi cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin. Kada ya ga ruwan famfo kai tsaye, kulor ɗin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta zai kashe aikin mako shida cikin minti biyu.

Ruwan famfo, na rijiya, ko na sama: wanne ya dace?

Ruwan famfo yana da kulor, don haka sai an kwantar da shi. Ka zuba a tano na roba, ka sa masa iska kwana ɗaya ko biyu, ko ka ɗiga maganin cire kulor da ake sayarwa tare da kayan kifi. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulor, sai dai nauyinsu, wato yawan ma'adinan da ke cikinsu, ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Na Bagalam ba lallai ya zama irin na Zariya ba. Kada ka dogara da abin da wani ya ce maka, ka auna naka. Abubuwa biyu ake aunawa: pH, wato tsami ko kanwa-kanwar ruwa, da yawan ma'adinan da suka narke a ciki, wanda wani ɗan alƙalamin lantarki mai suna TDS ke nunawa. Anjel yana yin ƙwai lafiya a pH 6.5 zuwa 7.5. Diskus ma yana girma a irin wannan ruwan, amma ƙwansa ya fi ƙyanƙyashewa a ruwa marar nauyi, pH 6 zuwa 6.5, TDS wajen 100 ko ƙasa. A ruwa mai nauyi ƙwai da yawa sukan lalace ko da namiji ya yi aikinsa.

Nan ne damina take yi mana rana. Ruwan sama kusan babu ma'adinai a cikinsa, kyauta kuma. Amma ka bar ruwan farko-farko ya wuce, ya wanke ƙurar rani da kashin tsuntsaye. Ya fi kyau ka tara ta kan tamfol mai tsabta maimakon indararon tsohon kwano, don tutiyar da ke jikin kwano tana cutar da kifi. Ka ajiye a tano mai murfi saboda sauro. Kada ka yi amfani da shi zalla: ba shi da abin da zai riƙe pH, wata rana sai ka wayi gari ya faɗi ƙasa warwas kifi suna haki. Ka gauraya shi da na famfo, ka fara da rabi da rabi, kana aunawa har ka samu abin da kake nema. Mai hali yana iya sayen na'urar tace ruwa ta osmos, ita ma gaurayawa ake yi.

Abin da na fi so ku riƙe: pH 7 da ba ya motsi ya fi pH 6 da ke hawa da sauka. Idan ka ga pH yana faɗuwa kullum, ruwa ba ya tsami banza; datti ne ya taru, ka ƙara canjin ruwa, kada ka kama zuba magunguna. Ka lissafa ruwan tun yanzu. Canjin kashi 30 cikin 100 na akwati mai lita 125 ya kusa lita 40 a kowane karo. Wanda ke sayen ruwa wurin ƴan garuwa ya san abin da wannan ke nufi a wata. Tsohon ruwan kada ka zubar, zogale da lemun tsami suna son sa ƙwarai.

Yaya zan yi da zafin bazara da sanyin hunturu?

Anjel yana hayayyafa a digiri 26 zuwa 28, diskus a 28 zuwa 30. Daga Yuli zuwa Oktoba ruwan ɗaki a Maradi yakan tsaya kusa da nan da kansa, abin da Bature ke kashe kuɗin lantarki shekara zagaye don ya samu. Matsalarmu a gefe biyu take.

A Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, ruwa a ɗakin kwano yana iya haura 32. Anjel ne ke fara galabaita, diskus ya bi baya. Ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai: lita ɗaya tana ɗaukar wajen miligiram 9 na iskar oksijin a digiri 20, amma wajen 7.5 kawai a digiri 30, alhali a zafi ne kifi ya fi buƙatarta. Ka buɗe murfi, ka ƙara iska, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Dabarar randa ce: abin da ya tashi tururi shi ke tafiya da zafi, kuma busasshiyar iskarmu tana taimakawa, sai ka ga an sauka digiri 2 ko 3. Sai dai ruwa ne kawai ke tashi, ma'adinai suna nan, don haka ka riƙa cikawa da ruwa marar nauyi. In abin ya tsananta, ka jefa daskararren ledar piya wata da ba a fasa ba, ɗaya bayan ɗaya, a sauko a hankali. A watannin nan ba na neman ƙwai. Ina rage abinci, in bar kifi su huta. Mai ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya yi sa'a, nan ya kamata akwatin ya zauna, nesa da taga.

A Disamba da Janairu kuma dare yakan sauka ƙasa da digiri 15. Na'urar ɗumama ruwa ta zama dole, wajen wat 1 ga kowace lita. Ka manna farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firigo a baya da gefuna da ƙarƙashin akwati, da dare ka lulluɓe da bargo. Ruwan canji ma ka taɓa shi da ma'aunin zafi kafin ka zuba, don wanda ya kwana a tsakar gida ya yi sanyin da zai girgiza kifi.

In aka ɗauke wuta fa?

Ƙwan diskus na farko da na taɓa samu a daren Janairu na rasa su. An ɗauke wuta bayan isha'i, da asuba na tarar ruwa ya sauka 22, iyayen sun yi baƙi sun rakuɓe a kusurwa, kafin azahar ƙwan sun yi fari fat. Watanni goma sha huɗu na yi ina jiran wannan rana, kuma abin ya taɓa ni sosai. Tun daga nan ban sake barin akwati ba tanadi ba.

Iska ce farko. Famfon iska wat 3 zuwa 5 kawai yake ci, don haka ƙaramin batir da fanel na hasken rana suna riƙe shi dare da rana. Akwai ma famfo mai batir a cikinsa da ke kama aiki da kansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son matatar soso: tana cikin ruwan akwati, ƙwayoyinta ba sa shaƙewa da wuri, saɓanin rufaffiyar matatar waje da ke ruɓewa cikin ƴan awoyi idan ta tsaya. In babu komai, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci. Na'urar ɗumama ruwa tana shan batir da yawa, don haka a hunturu ka cika gorar roba da ruwan zafi, ka rufe, ka bar ta tana yawo a akwati ƙarƙashin bargo. Muddin babu wuta, kada ka ba da abinci.

A ina zan samu kifin, kuma yaya zan kawo su lafiya?

Yawanci ta Najeriya suke shigowa, daga Legas zuwa Kano, sannan Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, ko kuma daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Ka bincika halin da iyaka take ciki kafin ka biya kuɗi, don leda ba ta jure dogon jira. Ka roƙi mai sayarwa ya hana su abinci kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauri, ya sa kashi ɗaya ruwa kashi biyu oksijin, leda biyu-biyu saboda ƙayar bayansu, cikin kula. Tafiyar asuba ta fi. Da sun iso, ka ɗora ledar kan ruwan akwati minti 20 zuwa 30, ka riƙa ƙara mata ruwanka kaɗan-kaɗan, sannan ka kwashe kifin kaɗai. Sabon kifi ya yi wata guda shi kaɗai kafin ya haɗu da tsofaffi.

Wajen zaɓen diskus ka dubi ido. Idan idon ya yi wa jikin girma, jikin kuma ya yi tsawo kamar ƙwai maimakon faifai, ya tsumbure tun yana ƙarami, ba zai gyaru ba. Wanda ya yi baƙi, ya matse fukafukai, ko goshinsa ya rame kamar wuƙa, bar shi ko da araha.

Ta yaya zan gane namiji da mace?

A nan ido ba ya sanin kima. Ana cewa namijin anjel yana da tudu a goshi, namijin diskus ya fi girma, amma duk ana yin kuskure da su. Tabbas ɗaya ne: ranar ƙwai wani ɗan bututu yana fitowa a ƙasan ciki. Na mace faffaɗa ne mai dakusasshen baki, na namiji siriri mai tsini. Saboda haka kada ka sayi manya biyu ka ce ka haɗa aure. Ka sayi ƙanana shida ka raine su tare. A lissafi, sau 97 cikin 100 za a samu namiji da mace a ciki, kuma su za su zaɓi junansu. Ran da ka ga biyu sun ware, sun kama kusurwa suna korar saura, to su ne. Ka mayar da su akwatin hayayyafa.

Me zan ciyar da su don su yi ƙwai?

Abincin gwangwani mai ƙwaya-ƙwaya shi ne tushe, sai a ƙara da mai rai da haɗin gida. Tsutsar tana da aka wanke aka yayyanka tana da kyau. Tsutsar sauro ma suna haukar son ta. In ka gan ta a wani kasko ka kwashe ka ba su, amma kada ka kiwata ta da gangan a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara kowace damina.

Haɗin da masu diskus suka saba da shi na zuciyar sa ne, kuma nama mai kyau ba ya yi mana wuya a nan. Ka sayo da safe wurin mahauci, ka zauna ka cire kitse da jijiya tas har sai jan tsoka zalla ya rage, don kitsen dabba ba ya narkewa a cikin kifi. Ka niƙa da ɗanyen kifi ko jatan lande, ɗan dafaffen alayyahu ko zogale, da ƙwayar tafarnuwa. Ka shimfiɗa a leda fale-fale ka daskarar, kana ɓallowa daidai buƙata. In ya narke ya kwana saboda rashin wuta, zubar da shi. Manya sau biyu ko uku a rana, abin da za su cinye cikin minti biyar, ragowar a zuƙe nan take.

Waɗanne alamu ke nuna ƙwai ya kusa, kuma kwana nawa yake yi?

Za ka ga su biyun suna goge wurin ɗora ƙwai da baki kamar mai shirin baƙi. Diskus sukan fuskanci juna, su sunkuyar da kai, jikinsu yana karkarwa. Canjin ruwa mai ɗan yawa da wanda ya ɗan fi na akwati sanyi, digiri 1 ko 2, yakan tunzura su, kamar saukar ruwan sama. Mace tana bin wurin daga ƙasa zuwa sama tana jera ƙwai layi-layi, namiji yana biye yana barbara. A wannan awa ka rage ƙarfin iska, ka kuma hana yara leƙe.

Anjel yana zuba ɗaruruwa, babbar mace har ta kusa dubu. Diskus yawanci 100 zuwa 300. Ƙwan duka biyun yana fashewa cikin kwana biyu da rabi zuwa uku. Abin da ke fitowa ba ya iyo tukuna, yana manne ta ka yana kaɗa wutsiya, yana shan gwaiduwar cikinsa. Na diskus yana tashi bayan kwana 2 zuwa 3, na anjel bayan wajen kwana 5. Kafin su tashi ba a ba su komai.

Ƙwan sun yi fari, ko iyayen sun cinye su. Me ya faru?

Lafiyayyen ƙwai launin zuma ne. Ɗaiɗaiku su yi fari ba komai, iyaye suna tsince su. In duka suka yi fari cikin kwana ɗaya, dalili ɗaya ne cikin huɗu: namijin bai gama balaga ba, ruwan ya yi nauyi, zafi ya yi tsalle, ko kuma duka biyun mata ne, don mata biyu sukan haɗu su yi ta zuba ƙwai. Koma ga amsar ruwa da ta gane namiji da mace.

Cin ƙwai kuwa halin sababbin ma'aurata ne, sukan yi sau uku, sau biyar, kafin su nutsu. Tsoro yana ƙara shi: giftawar mutane, bugun gilashi, kashe fitila farat ɗaya. Ka rufe gefunan akwati da takarda, ka bar ɗan haske mai rauni da dare. Ga diskus, ana zagaye ƙwan da ragar roba mai tazarar santimita ɗaya ko biyu, yadda za su iya yi musu fifita amma baki ba zai kai ba.

Zan iya raba ƙwan da iyaye in raina da kaina?

Na anjel, ƙwarai. Ka ɗauke tayil ɗin da ƙwan, ka mayar ƙaramin akwati mai lita 10 zuwa 20 da ruwan iyayen, kumfar iska tana wucewa kusa da ƙwan ba a kansu ba. Ka ɗiga shuɗin maganin nan bulun metilen, ana samu a farmasi, har ruwan ya yi shuɗi mai haske, yana hana fumfuna. Da sun fashe ka fara rage shi da canjin ruwa. Iyayen za su sake yin wani cikin kwana 7 zuwa 14, amma kada kwaɗayi ya sa ka tatse mace; bayan zubi uku ko huɗu ka raba su ta huta. Na diskus kuwa kada ka gwada, dalilin yana amsa ta gaba.

Da gaske ne diskus yana shayar da ƴaƴansa?

Kusan haka ne. Idan ƴaƴa suka tashi, fatar uwa da ta uba tana fitar da wani kauri mai yauƙi, shi ƴaƴan ke tsattsaga. Wani bincike da masanan Jami'ar Plymouth ta Ingila da abokan aikinsu na Manaus a Brazil suka buga a 2010 ya nuna yauƙin yana ɗauke da sinadaran garkuwar jiki, kuma wajen mako na uku iyayen sukan fara guje wa ƴaƴan, kamar yaye. Ban taɓa gajiya da kallon karɓa-karɓarsu ba: uwa za ta matso kusa da uba, ta yi wata girgiza guda ta zille, sai ka ga garken nan kamar hayaƙi ya koma jikinsa.

Kwana biyun farko su ne masu haɗari. Ƴaƴan duhu suke bi, don haka in iyayen masu haske ne irin Pigeon Blood, sai su tafi ga baƙin soso su mutu da yunwa. Ka rage ruwan zuwa daidai tsayin iyayen, ka naɗe soson da farin ƙyalle, ka rage haske da iska. Daga kwana na 4 ko 5 ka fara ƙara musu artemiya. Bayan mako 2 zuwa 3 ka kwashe su, kafin su ji wa fatar iyayen ciwo.

Mene ne artemiya, kuma in ban samu ba fa?

Wasu ƴan mitsi-mitsin jatan landen ruwan gishiri ne da ake sayar da busasshen ƙwansu a gwangwani. Ka yanke gindin gorar lita ɗaya da rabi, ka kife ta, ka zuba lita 1 na ruwa, gishiri giram 25 zuwa 30, rabin ƙaramin cokali na ƙwan, ka sa iska mai ƙarfi. A digiri 26 zuwa 28 suna fashewa cikin awa 24 ko ɗan fiye. Ka kashe iska, ɓawon ya taso, su kuma su taru a ƙasa. Ka zuƙo, ka tace da ƙyalle, ka ɗauraye. Gora biyu ake yi, ɗaya yau ɗaya gobe. Cikin ɗan kifin da ya ƙoshi yana yin ja kamar lemu. Gwangwanin a firigo yake zama, zafinmu yana kashe ƙwan.

In babu, dafaffiyar gwaiduwar ƙwai da aka murje ta cikin ƙyalle tana ceton ƴaƴan anjel na ƴan kwanaki, amma tana ɓata ruwa da sauri. Gaskiya ka sayi artemiya tun ranar da ka sayi kifi.

Ƴaƴan suna mutuwa ɗaya-ɗaya, ko sun ƙi girma. Cuta ce?

Ka fara zargin ruwa da cunkoso kafin cuta. Ƴaƴa suna cin abinci sau 4 zuwa 6 a rana, don haka na diskus suna son canjin kashi 30 zuwa 50 kullum, ana goge gilashi ta ciki. Na anjel sau biyu ko uku a mako. In ruwa lafiya lau amma ƴan mako uku ko huɗu suna haki suna goga jiki, yawanci tsutsar da ke kama wurin numfashi ce. Maganinta firazikwantel, wanda ake ba mutane don tsargiya, wajen miligiram 2 ga lita, a maimaita bayan mako don ƙwan tsutsar ba ya mutuwa. Babban kifin da ya daina ci, ya yi baƙi, yana farin kashi mai zare, ana ba shi metronidazol, miligiram 250 ga lita 40, ana sabuntawa bayan canjin ruwa. Magani ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a akwati na dabam.

Na fesa maganin sauro, da safe na tarar kifi sun mutu. Akwai alaƙa?

Akwai, kai tsaye. Sinadaran da ke cikin maganin feshi da igiyar sauro ta ƙonawa guba ne mai tsanani ga kifi, ko kaɗan ne, kuma famfon iska yana zuƙo su ya tura cikin ruwa. Ɗakin kifi gidan sauro da raga a taga suka dace da shi. Hayaƙin turaren wuta ma a nisanta. Bokiti da tiyo na kifi su zama nasu kaɗai, ka yi musu alama ka sanar da mutanen gida, don bokitin da ya taɓa ganin omo ya gama aiki a nan. Hannu mai man shafawa ko sabulu kada ya shiga ruwa.

Akwai kasuwa? Yaushe ake fara sayarwa?

Anjel yana kai sayarwa a mako 8 zuwa 10, idan jikinsa ya kai faɗin tsabar dala ashirin. Diskus idan ya kai santimita 5 zuwa 6, wajen wata 2 zuwa 3. Kasuwar Maradi ƙarama ce: masu otal, ofisoshi, shaguna, da ɗaiɗaikun masu sha'awa. Zubi ɗaya na anjel yana iya fin abin da garin zai saya a wata, don haka ka nemi masu saye a Yamai da Damagaram da Katsina tun ƴaƴan suna ƙanana, kuma ka raini adadin da akwatinka zai ɗauka kawai. Ka gaya wa mai saye gaskiyar aikin, ka haɗa masa da guntun tsohon soso.

Wanda ya rage maka kada ka sake shi a Gulbin Maradi ko tafkin Madarunfa. Baƙon kifi yana iya kai wa na gida cuta. Ka ba wani mai kiwo, ko ku yi musanye, wanda dama ana buƙatarsa: in wa da ƙanwa suka yi ta haɗuwa zuri'a bayan zuri'a, sai a fara ganin karkatattun fukafukai da gajeren murfin wurin numfashi. Duk bayan zuri'a biyu ka shigo da namiji ko mace daga wani gida, ka killace shi wata guda kamar yadda aka faɗa a amsar kawo kifi, sannan ka haɗa shi da naka.